Abin da Bara'atu Ba Ta Ji Ba

Malam Mainasara mutumin Dingyadi ne, amma a Bodinga ya yi gida, daga nan yake zuwa Sakkwato kullum a tsohuwar motarsa, inda yake koyar da Turanci a jami'a. Shekara biyar ke nan yana fama da binciken digirinsa na uku, kuma binciken a kan abu ɗaya ya tsaya: yadda za a auna ko ɗalibi yana fahimtar Turancin da ya ji da kunnensa. Ya daɗe da lura cewa yaran da ke zuwa musu daga ƙauyuka suna iya karanta shafi su amsa tambaya, wasu ma su yi rubutun da zai burge mutum, amma da zarar an kunna musu magana a sifika sai su yi zuru. Shi kansa haka ya taso. Sai da ya shiga jami'a ya fara jin Bature yana magana, kuma har yau bai manta kunyar da ya sha a ranar ba.

Jarrabawar da ya tsara kashi uku ce, kowane kashi tambaya goma. Na farko wata Baturiya ce ke karanta sanarwa a filin jirgi. Na biyu hira ce tsakanin likita da marar lafiya. Na uku gajeruwar lakca ce a kan yadda hamada ke cin gonaki. Kowane kashi sau biyu ake kunnawa, ba ƙari.

Kafin a kai ta jami'a dole ya gwada ta a kan wasu ɗalibai kaɗan. Da aka yi hutun bazara sai ya ari aji ɗaya a wata firamare ta Bodinga, ya aika wa ɗalibansa da ke yankin cewa su zo ranar Asabar da safe. Mutum ashirin da biyu suka zo, wasu a kan babur, wasu a motar haya daga Shagari.

Cikin waɗanda suka zo daga Shagari akwai Bara'atu Abdullahi, 'yar aji uku. Duk sashen Turanci an san ta. Ita ke zuwa ta ɗaya tun daga aji ɗaya, rubutunta kuwa malamai kan karanta wa 'yan aji a matsayin misali. Kullum a layin gaba take zama, idonta ƙur a kan malami, ba ta surutu, ba ta waiwaye. Malam Mainasara ya sa rai ita za ta nuna masa iyakar makin da za a iya ci a jarrabawar.

Ya rubuta lambobi a 'yan takardu ya zuba cikin hularsa, kowa ya ɗauka. Lamba sha bakwai Bara'atu ta ɗauko, benci na ƙarshe kusa da taga. Ta dubi takardar, ta dubi bencin, sannan ta matso kusa da shi.

"Malam, don Allah a bar ni in zauna gaba."

"A'a, Bara'atu. Ƙa'idar bincike ta. Kowa inda ƙuri'a ta kai shi. Sifikar ga har waje ana jin ta."

Ta je ta zauna.

Ya kunna kashi na farko. Bara'atu ta ji muryar mace ta cika ajin, tana hawa tana sauka, amma kalmomin sun narke cikin juna kamar maganar maƙwabta ta bayan katanga. Can ta kama kalma ɗaya, kafin ta gane inda za ta sa ta an wuce. Ta ɗaga kai ta nemi fuskar mai magana kamar yadda ta saba, babu kowa sai baƙin akwati a kan tebur, da Malam Mainasara yana duban agogo. Ta kalli gefenta, ƙawarta Basira na ta rubutu. Aka sake kunnawa. Ta karkata kunnen dama, ta riƙe numfashi. Bai canja komai ba. Zufa ta jiƙe mata hijabi. Da aka zo kashi na uku ta daina ƙoƙarin saurare, ta riƙa karanta tambayoyin tana zaɓar amsar da ta fi kama da hankali.

Da aka fito 'yan aji suka tsaya a inuwa suna dariyar yadda Baturiyar ke haɗiye kalmomi. Basira ta ce da ita, "Ke dai mun san kin cinye." Bara'atu ta yi murmushi kawai, ta nufi tasha.

Bayan la'asar Malam Mainasara ya zauna a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke tsakar gidansa yana duba takardun. Yawancinsu sun ci tsakanin sha huɗu da ashirin. Lamba sha bakwai ta ci biyar. Ya ɗauko jerin sunaye don ya ga wane ne, ya ga sunan, ya sake duba takardar sau biyu. Biyar ɗin dai ce.

Da farko ransa ya ɓaci. Ya ɗauka fushin hana ta zama gaba ne ya sa ta yi masa wasa da aiki. Daga baya wani tunani mafi muni ya zo masa: anya rubuce-rubucen nan da ake yabo nata ne? Ya taɓa kama ɗalibin da wani ke yi wa aiki shekara biyu. Ya kira wayarta sau uku ba ta ɗauka ba. Minti kaɗan sai ga saƙo: "Malam ina wuni. A yi haƙuri, a rubuto min." Wannan ma ya ƙara masa haushi. Ya rubuta mata ta zo gidansa ranar Litinin.

Ta zo da hantsi. Matarsa Zulaihatu, wadda ke aikin jinya a wani asibitin sha-ka-tafi, tana gida ranar, ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Malam Mainasara bai ɓoye mata komai ba. Ya ajiye takardar a gabanta.

"Mi na na wanga?"

Ta dubi jan biron, ta sunkuyar da kai. "Malam, akwai hayaniya wajen taga."

"Wanda ke gabanki ma kusa da taga yake, ya ci sha takwas. To, yanzu ba hayaniya. Za mu sake."

Ya ɗora sifikar a kan kujera dab da ita, ya ƙara murya har kajin gidan suka watse. Ta ci tara. Sai ya ɗauko takardar da aka rubuta maganganun a ciki, ya ce bari ya karanta mata kashi na uku da bakinsa. Ya karanta a tsaye a gabanta, da saurin da aka yi a sifika, ita kuwa idonta bai bar fuskarsa ba. Ta amsa goma, duka daidai.

"To, ni kam ban gane ba," ya ce. "Turancin ga ɗaya na. Halan muryar Bature ce ba ki saba da ita ba? Amma likitan da ke kashi na biyu ai ɗan ƙasar ga na."

Zulaihatu tana bakin madafa tana tsince shinkafa, duk abin da ake yi a idonta. Ta ajiye tiren, ta zagayo bayan Bara'atu, ta tsaya kamar taku uku daga ita.

"Bara'atu," ta kira, da muryar da ake magana a ɗaki.

Yarinyar na kallon takardarta.

"Bara'atu."

Shiru. Ta kira na uku, ta ɗan ɗaga murya. Sai da Bara'atu ta ga malaminta yana kallon wani abu a bayanta sannan ta waiwaya, ta yi firgigit.

Zulaihatu ta dawo gabanta ta durƙusa. "Ƙanwata, tun yaushe kunnenki ka yi miki haka?"

"Kunnena lafiya lau. Ina ji."

"Sau uku nik kira ki."

"Hankalina yana kan takarda ne."

Zulaihatu ta dubi mijinta. "Malam, sake karanta mata, amma ka rufe bakinka da takardar."

Ya ɗaga takardar ta kare masa fuska daga hanci zuwa ƙasa, ya karanta jimla biyu, ya tambaye ta abin da ya ce. Ta buɗe baki ta rufe. Ya koma Hausa, bakinsa a rufe, ya tambaye ta ko mahaifinta ya gama cirar albasa. Ta ce, "Lafiya lau suke."

Daga fuskokinsu ta gane ba abin da aka tambaye ta ke nan ba. Ta miƙe tsaye, ta ce ita tana ji, mutane ne ke magana ciki-ciki, tun ba yau ba kowa ya koma magana ciki-ciki. Muryarta ta yi sama fiye da yadda ake yi a gidan mutane. Sai kuma ta koma ta zauna, ta ja hijabi ta rufe fuska tana kuka. Malam Mainasara ya tashi ya fita zaure ya bar matan.

Abin da ta gaya wa Zulaihatu shi ne, a bazarar da ta gama aji ɗaya ta yi wani zazzaɓi mai zafi a gida. Aka kai ta wurin wani mai kemis, ya yi ta yi mata allura safe da yamma har kusan mako biyu. Ta warke, amma tun lokacin take jin ƙara a kunne kamar kukan gyare, dare da rana. Ta saba da ita. Waya ce ta fara gagararta, sai ta ce wayar ce ta lalace. A aji kuma ta gano idan ta zauna gaba tana kallon bakin malami ba ta rasa komai, abin da ya kuɓuce mata ta cike shi daga littafi. Ba ta taɓa kiran abin da suna ba, ko a zuciyarta.

Ranar Alhamis suka tafi Shagari, shi da Zulaihatu. Malam Abdullahi, mahaifin Bara'atu, ya dawo daga fadama ke nan, ƙafafunsa duk laka. Ya shimfiɗa buzu a zaure, aka daɗe ana gaisuwa, aka tambayi gida da iyali da zafi da hanya, ya yi ta godiya cewa malamin jami'a guda ya tako har ƙofarsa. Da Malam Mainasara ya faɗi abin da ya kawo su, dattijon ya yi ɗan murmushi.

"Allah shi ba ka nasara, ai ɗiyar ga tana ji. Jiya ma mun yi magana da ita."

"Tana kallonka lokacin da kunka yi maganar?"

Malam Abdullahi ya yi tunani. "Awo. Ita kullum tana kallon mutum. Har na taɓa yi mata faɗa, nic ce ɗiya mace ba ta tsare babba da ido."

"Da idon take ji, Baba. Kunnen ya yi rauni. Ina son a ba ni izini a kai ta asibiti Sakkwato a auna."

Dattijon ya daɗe yana kankare lakar da ta bushe a ɗan yatsansa. Sannan ya ce, "Karatun hwa? Shina nan?"

"In sha Allahu shina nan," in ji Malam Mainasara. A lokacin da gaskiyarsa ya faɗa.

A cikin gida abin ya fi nauyi. Kaltume, mahaifiyar Bara'atu, ta saurari Zulaihatu har ta gama. Can ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake faɗa. Sai ta fara ba da labari, ba tare da an tambaye ta ba. Bara da damina ciwon baya ya kwantar da ita, tana ɗaki ta yi ta kiran Bara'atu ta kawo mata ruwa, tana hango ta ta ƙofa zaune a tsakar gida da littafi, yarinyar ko motsi. Sai da ta rarrafa da kanta ta ɗebo. Kwana takwas ba ta amsa gaisuwarta ba. Ta gaya wa maƙwabta boko ya sa wa ɗiyarta girman kai, maganar ta zaga unguwa, har wasu suka daina aiko 'ya'yansu ta koya musu karatu.

"Kuma ni nik kai ta wurin mai allurar," ta ce. "Babanta yac ce a tahi asibiti, nic ce nan ya hi kusa."

Bara'atu na zaune a bakin ƙofa tana kallon bakin uwarta, ta gane duk abin da ta faɗa. Ta ce, "Inna, ki bari." Kaltume ta juya mata baya tana share hawaye, ta ci gaba da magana, sauran kuma Bara'atu ba ta san me ta ce ba.

A asibiti aka shigar da ita wani ɗan ɗaki mai kauri, aka sa mata abin saurare a kunnuwa, aka ba ta maɓalli ta danna duk lokacin da ta ji ƙara. Ta gilashi Malam Abdullahi da Zulaihatu suna kallon ma'aikaciyar tana murɗa na'ura, yatsan Bara'atu kuwa yana nan bai motsa ba. Likitan ya nuna musu takarda mai layi biyu da suka gangara ƙasa. Ya ce jijiyar ji ce ta taɓu, kunnen hagu ya kusa tafiya duka, na dama saura kamar rabi. Ba zai iya rantsewa ko zazzaɓin ne ko allurar ba, kuma ko wanne ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce siraran sautuka ne suka fara ɓace mata, irin waɗanda ke zuwa a ƙarshen kalmomin Turanci su bambanta ɗaya da yawa, ko jiya da yau. Hausa tana iya cike gurbin da karin murya da sabo, Turanci kuwa ba zai ba ta wannan damar ba. Ya rubuta mata na'urar da ake maƙalawa a kunne, ya ce za ta taimaka a wuri marar hayaniya.

Malam Abdullahi ya sayar da albasar da ya yi niyyar ajiyewa har ta yi tsada, aka sayo na'urar. Ranar da aka sa mata ta ji kukan tattabarun gidansu karo na farko cikin shekara biyu, ta yi dariya har Kaltume ta leƙo. Amma da ta shiga kasuwar Shagari sai komai ya taso mata lokaci ɗaya, babura da masu talla da injin niƙa, ta cire ta da sauri ta ƙulle a bakin zane.

Da aka koma makaranta, jarrabawar Malam Mainasara ta zama ta sashe. An gyara tambayoyi huɗu, aka sa ta a kwas ɗin sauraro da furuci, wanda dole kowane ɗalibin Turanci ya ci kafin ya fita. Ya rubuta wa kwamitin sashe takarda, ya haɗa da ta likita, ya roƙi a bar wani malami ya karanta wa Bara'atu maganganun baki da baki a ofis. Aka zauna a kai. Shugaban sashen, dattijo mai sanyin magana wanda shi ne kuma ke duba binciken Mainasara, ya ce yana tausaya wa yarinyar ƙwarai.

"Amma Malam, idan tana karanta leɓɓa, me muka auna ke nan? Kai ka rubuta a babi na biyu cewa ganin fuskar mai magana yana gurɓata awon sauraro. Shafi takwas ka yi a kai, kuma ka gamsar da ni. Takardar shaidar da za mu ba ta cewa za ta yi tana jin Turanci."

Wata malama ta ce a ba ta wani aiki na rubutu a madadin. Aka ce wannan sai majalisar jami'a, aka ce a rubuta, aka rubuta. Amsa ba ta zo ba har ranar jarrabawa. Abin da kwamitin ya yarda da shi kawai shi ne a ba ta kujerar gaba.

Ɗalibai ɗari biyu da wani abu ne a zauren, fankoki na juyawa, janareta na ruri a bayan bango. Na'urar kunnenta ta kwaso duk wannan ta zuba mata, ta riƙa yin fito har na kusa da ita suna waiwayowa. Malam Mainasara ne da kansa ya danna maɓallin. Bai dubi inda take ba. Ta faɗi kwas ɗin, ta ci sauran duka da maki mafi girma a ajin.

Shekara ta zagayo ta sake zama, tare da 'yan ajin da ke bayanta. Wannan karon ta yi wata uku tana zuwa Bodinga duk Asabar, Zulaihatu na kunna mata maganganu a ɗaki shiru, tana saurare tana bin rubutun da yatsa. A ɗakin takan ci rabi. A zauren jarrabawa maki uku suka rage mata. Malam Mainasara ya duba takardar shi kaɗai a ofis, biro a hannu, ya daɗe. Tambayoyin na zaɓi ne, babu inda malami zai ce ya ga ƙoƙari. Ya rubuta abin da ta ci.

'Yan ajinta suka gama, Basira ta tafi bautar ƙasa. Bara'atu ta kwashe kayanta ta koma Shagari da kwas ɗaya a kanta.

A cikin wannan shekarar ne shugaban sashe ya dawo wa Mainasara da babi na huɗu. Ya zagaye lamba sha bakwai a jadawalin gwajin Bodinga, ya rubuta a gefe cewa wannan ba matsalar harshe ba ce, tana karkatar da sakamako, a cire. Maganarsa daidai ce, Mainasara ya sani. Ya cire, ya mayar da ashirin da biyu ashirin da ɗaya, ya ƙara layi ɗaya a ƙasan shafi cewa an fitar da mutum ɗaya saboda dalilin lafiya. Ya kare bincikensa bayan Babbar Salla, masu jarrabawa suka yaba da tsaftar aikin.

Dokar jami'a ta ba Bara'atu dama ɗaya da ta rage. Da lokacin rajista ya zo bai ga sunanta ba, ya aika saƙo bai sami amsa ba, sai ya karɓi fom ɗin ya tafi Shagari da kansa.

Ya same ta a bayan gida, a rumfar da ake ajiye albasa, ita da Kaltume suna ware ruɓaɓɓu. Ta rame. Kaltume ce ta taɓa kafaɗarta ta nuna mata shi. Ta tashi ta gaishe shi, ta ce ta ji labarin ya zama dakta, Allah ya sanya alheri. Muryarta ta canja, tana fita da ƙarfi a inda bai kamata ba. Ya lura babu na'urar a kunnenta.

"Ina abin kunnen?" ya tambaya, yana buɗe baki sosai.

"Yana ɗaki. Na daman ma ya bi na hagun, Malam. Yanzu ko na sa, ƙara kawai nake ji."

Ya miƙa mata fom ɗin. Ya ce ya sake rubuta wa majalisa, an ce maganar na kan teburin wani kwamiti, mai yiwuwa kafin jarrabawa a amsa. Ta karanta fom ɗin daga sama har ƙasa, kamar yadda take karanta komai.

"In ba su amsa ba fa?"

Kafin ya amsa ta ci gaba.

"Malam, sau biyu na zauna a gaban mutane ina kallon akwati. Na biyun har wata yarinya 'yar ajin da ke bayanmu ta turo min takardarta in kwafa, don tausayi. Ban kwafa ba. Amma da na fito sai da na yi amai." Ta naɗe fom ɗin biyu. "Ba na jin haushinka. Da ba ka yi gwajin nan ba, da har yau Inna na cewa raina ta nake yi."

Kaltume ta ce wani abu daga inda take zaune, cewa ita dai ta fi son ɗiyarta a gabanta, kada a je a tsallaka titin Sakkwato mota ta yi ta oda ba a ji ba. Bara'atu ba ta san an yi magana ba.

Malam Abdullahi ya rako shi har mota. A hanya dattijon ya ce wata makarantar kuɗi ta nan garin ta so ɗaukar ta koyarwa, ta yi kwana huɗu, yara suka gane ba ta jin su, suka riƙa yi mata waƙa a bayanta, mai makarantar ya ba ta haƙuri. Ya faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba. Da suka isa mota ya kama hannun Mainasara da hannu biyu.

"Kun yi iyakar yinku, kai da iyalinka. Allah shi saka. Abin da Allah ya rubuta ba makawa."

Mainasara ya so ya tuna masa cewa shi ne ya ce karatun yana nan, ya ba shi haƙuri a kan haka. Bai iya ba. Ya ce amin, ya shiga mota.

An rufe rajista fom ɗin bai dawo ba. Amsar majalisa ta iso bayan wata bakwai, an amince a duba irin wannan buƙata nan gaba, kowace da yanayinta. Kafin nan an riga an liƙa jerin waɗanda wa'adin karatunsu ya ƙare, sunan Bara'atu Abdullahi na huɗu.

Zulaihatu ba ta daina zuwa Shagari ba, takan leƙa duk bayan wata biyu ko uku. Ita ke kawo wa mijinta labari. Ta ce Bara'atu ta daina zuwa biki da suna, don zama cikin taro na gajiyar da ita. Wasu ɗaliban sakandare kan kawo mata rubutunsu na Turanci ta gyara musu da jan biro, su karɓa ta hannun Kaltume. Da rani an nemi aurenta daga ƙauyen Mandera, wani mai shanu da ya san halin da take ciki, mahaifinta ya bar mata zaɓi, ta ce a ba ta lokaci. Zuwan Zulaihatu na ƙarshe ta tarar ba ta ba da amsa ba tukuna, kuma, in ji Zulaihatu, yanzu ko a ɗaki sai an rubuta mata wasu maganganun a takarda.